Muhawara: a sa wa kowane gida mita, ko a bar kuɗin ruwa na bai-ɗaya a Sakkwato?

Akanta: Ni dai matsayata ɗaya ce. Muddin gida mai mutum biyar da gida mai wankin motoci suna biyan kuɗi ɗaya a wata, Hukumar Ruwa ta Jiha ba za ta iya riƙe kanta ba. A sa mita. Lissafin ba wuya: a tara kuɗin lantarki, dizal, alif, kulorin, albashi da gyaran injuna, a raba da ruwan da aka sayar. Misali an kashe naira miliyan 100 a wata, an tace ruwa kubik mita miliyan 1 (kubik ɗaya lita 1,000 ne), kowane kubik ya tashi naira 100. In kashi 40 cikin 100 ya zube a hanya, ya koma 167. In kuma cikin abin da ya isa gidaje kashi 70 kaɗai aka biya, ya kai 238.

Injiniya: Ranka ya daɗe, lissafinka daidai ne, amma shi ne hujjata a kanka. Wannan ƙarin 138 wa ya jawo shi? Fasassun bututu, masu jona layi ta bayan fage da waɗanda ba sa biya. Mai biya bai fasa bututu ba. Kafin mitar gida, a fara da babbar mita a bakin matatar ruwa da kan layin da ke shiga kowace unguwa, Mabera, Runjin Sambo, Arkilla. A karanta ta da ƙarfe 2 na dare, lokacin da kowa ke barci. Abin da ke gudu a lokacin yawancinsa yoyo ne.

Mai gyaran famfo: Ga wata matsalar da ba a faɗi ba. Layin da ke samun ruwa kwana ɗaya ya ɗauke kwana biyu, iska ce ke cika shi. Ranar da aka sako ruwa, iskar ce ke fara fita, kuma tana juya mita da gudu fiye da ruwa. Mai gida ya biya kuɗin iska ke nan. Sai an sa bawul ɗin fitar da iska a wuraren tudu. Da damina kuma, Kogin Rima ya yi jawur, yashi da laka su toshe rariyar mita, ta tsaya cak.

Akanta: Ai damina ta ƙara ƙarfafa maganata, Malam. Ruwa ya gurɓace, alif ya ƙaru. Lantarki ma a Afrilun 2024 an kai rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awoyi a rana, naira 225 kowane yunit. Kuɗin bai-ɗaya yana nan inda yake kamar an kafa shi da ƙusa.

Hajiya, jami'ar tsare-tsare: Yallaɓai, a ƙara kuɗi ban ƙi ba, tsarin matakai nake tsoro, wato kubik na farko da arha, na sama da tsada. Afirka ta Kudu ta ware lita 6,000 kyauta ga kowane gidan marasa ƙarfi a wata, amma gidajenmu ba irin nasu ba ne. A lita 50 kowane mutum a rana, gida mai mutum 10 na shan kubik 15 a wata. Gidan gado a cikin gari, mutum 30 a kan famfo ɗaya, kubik 45. Su ne za su faɗa matakin masu tsada, attajiri da iyalinsa huɗu na matakin rangwame, ga rijiyar burtsatse a tsakar gidansa. A ƙirga ɗakuna ko magidanta kafin a yanke mataki.

Injiniya: Haka ne, Hajiya. Kuma a kwatanta da 'yan ga-ruwa: kubik ɗaya jarka 40 ce mai lita 25. Kowa ya ninka kuɗin jarka a unguwarsu sau 40. Wanda famfo bai kai gare shi ba shi ke biyan mafi tsada.

Akanta: To kuɗin ƙazamin ruwa fa? A wasu ƙasashe ana ɗora shi a kan kuɗin famfo.

Mai gyaran famfo: Can akwai bututun da ke kwashe shi, kamar na Abuja da ke zuwa matatar ƙazamin ruwa ta Wupa. Nan salga da sokawe muke da su, motar kwasa ake biya duk sawu. A ƙayyade kuɗin sawun, a kuma tanadi inda za su juye, nesa da fadama.

Akanta: Na yarda a fara da manyan mitoci, sai otal-otal, masu ruwan leda da ma'aikatun gwamnati. Amma gidaje su biyo baya cikin shekara biyu.

Injiniya: Su biyo baya unguwa-unguwa, duk wadda ruwanta ya daina ɗaukewa. Shekara biyu ban sa hannu ba.