Kuregen bakin hanya da na cikin daji, wanne ya fi zama cikin fargaba?

DanGulbi_Agro:
Salamu alaikum jama'a. Ina shekara ta ukku a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maraɗi, ina neman abin da zan yi memwar (binciken kammala karatu) a kai, kuma wani abu ya tsaya mini a rai tun damana. Gonar tsohonmu tana hanyar Madarumfa, gyaɗa muka shuka, kurege ya hana mu sakat, amma abin da na lura shi ne na bakin hanya inda moto da yara da karnuka ke wucewa sai ka kusa taka shi kafin ya ruga, har ya miƙe kan ƙafafun baya yana kallonka kamar yana binka bashi. Na cikin dajin Baban Rafi kuwa ƙurarshi kawai za ka gani. Malaminmu ya ce akwai sinadarin da jiki ke saki in dabba ta firgita, wai kortizol. To wanga da ba ya gudu, hankalinshi ne kwance ko dai dauriya ce ciki na ci? Ana iya aunawa?

Malama_SVT:
Wa alaikumus salam ƙanena, ana aunawa sosai. Kortizol daga wasu 'yan ƙullutai da ke saman ƙoda yake fitowa, ƙwaƙwalwa ce ke ba su umarni, aikinshi ya zuba sukari cikin jini don dabba ta samu ƙarfin gudu. In na ɗan lokaci ne alheri ne, amma in ya daɗe sama kwana da kwanaki sai ya taɓa garkuwar jiki da haihuwa.
Akwai binciken da aka buga a 2001 daga yankin Yukon na Kanada, Rudy Boonstra na cikin masu aikin, suka kwatanta kuregen ƙasa na cikin kurmi da na fili can saman tsauni, sai suka tarar na kurmin sun fi nuna alamun doguwar fargaba, dalilin da suka kawo shi ne itace na kare musu gani, maƙiyi sai ya iso kusa kafin su ankara. Kar ka yi saurin cewa shi ke nan, don a 2007 Jill Mateo ta buga nata a kan wani irin kuregen na tsaunukan Kalifoniya, inda wurin ya fi duhuwa sun fi tsayawa gadi suna barin kiwo amma sinadarin cikin kashinsu ya fi ƙasa, ba sama ba. Ka ga ke nan halin da ka gani da ido da abin da ke cikin jini ba dole su tafi tare ba. Kuma waɗancan ƙasar sanyi ce, suna kwana cikin rami duk lokacin ƙanƙara, namu bai san wannan ba, kar ka kwafo sakamakonsu ka manna mishi.

Baba_Tibiri:
Hhhh ɗana, ɓarawon da ya tone mini iri tun kafin ya tsiro shi ne za ku auna ma hawan jini? Allah shi kyauta. Amma maganar Malama ta gani gaskiya ce. Ka duba raminshi, ba ƙofa guda yake yi ba, kuma yana son wurin da in ya miƙe zai hangi shaho daga nesa. Da kaka in an kwashe kara fili ya buɗe za ka gan shi nesa da rami yana yawo, da damana in hatsi ya yi tsawo kuwa motsi kaɗan ya shige. Na bakin gari ya san wa ke da kare wa ke da danƙo, ni da hauyata bai ɗauke ni bakin komi ba.

Labo_Zariya2:
Yaya DanGulbi in da gaske kake, manta da jini. Da ka kama shi cikin tarko, cikin kamar minti 3 kortizol ya fara hawa, sai ka auna tsoronka kai ba na wurin zamanshi ba. Kashi ake ɗauka, don shi yana nuna abin da ya faru awoyin baya, sabo za ka tsinta ka sa cikin ƙanƙara nan take ka rubuta awa da wuri da ko namiji ne ko mace, don mace mai ciki ko mai shayarwa lissafinta daban ne, lokacin barbara ma haka. Kuma dole a fara gwada ko maganin awon na kama sinadarin irin namu kuregen, kowace dabba da yadda hanjinta ke sauya shi.
Babbar matsalarka firigo ce wallahi. Ni na taɓa tara samfur na wani aiki sati biyu, aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, cikin zafin watan Afrilu, na buɗe da safe wari ya kore ni, duka na zubar. Nemi mai sola tun yanzu.

Malama_SVT:
Ƙara da wannan, kar ka ɗauki wuri guda guda. In gona ɗaya ce da daji ɗaya ba ka san ko mutane ne suka kawo bambancin ko gyaɗar da na gonar ke ƙoshi da ita ba, don yunwa ma na ɗaga kortizol. Samu gonaki kamar ukku, har da wadda ba gyaɗa.

DanGulbi_Agro:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Zan kai ma malaminmu maganar ranar Litinin in ji ko akwai kayan awon. Baba, in an yarda gonarka na cikin ukkun, kashin ɓarawonka kawai nike so.

Baba_Tibiri:
Zo ka kwashe har da mai shi, ka taho da buhu.