Sai ɗan gida ne zai fito a matsayin ɗan gida?

Ɗalibi a Kanada: Assalamu alaikum jama'a. Ku raba mu gardama da abokin zamana. Wata ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo ta 'yan asalin ƙasa, wato al'ummun da Turawa suka tarar a Kanada, a garin da nake karatu ta liƙa takarda a ƙofar ɗakin taron unguwa tana neman 'yan wasa. Labarin wata tsohuwa ne da jikokinta, kusan rabinsa da harshen Ojibwe, ɗaya daga cikin harsunansu. A ƙasan takardar an rubuta cewa matsayin tsohuwar da na jikokin na 'yan asalin ƙasa ne kawai, kuma duk mai nema ya faɗi al'ummar da ya fito. Abokina ya daɗe yana wasa a ƙasarsu, ya je aka ba shi haƙuri. Ya dawo yana huci, wai wariya ce tsagwaronta. Ni kuwa na ce suna da gaskiya, ɗan gida ne kaɗai ya dace ya fito a matsayin ɗan gida.

Tsohon Ɗan Wasa: Wa alaikumus salam. Yarona, abokinka ya fi ka gaskiya. Sunan abin ma kwaikwayo. Na yi sarki a dandamali ban gaji sarauta ba, na yi kuturu da yatsuna goma cif. Da azumi yara ke ɗaura gemun auduga su zama tsoho a tashe, wa ya taɓa tambayarsu shekarunsu? In sai mai abu ne zai yi abinsa, to a nemo ɓarawon gaske ya fito a ɓarawo.

Malamar Adabi: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ba a taɓa ɗaure ka don ka yi tashe ba. Su an yi musu. Daga 1885 har 1951 dokar Kanada ta haramta bikin potlatch na al'ummun gaɓar yamma, bikin da ake raye-raye da fuskokin katako ana rabon kyauta. An kama mutane, an kwashe kayan rawarsu an kai gidajen tarihi. Ga kuma makarantun kwana da gwamnati da coci-coci suka gudanar, inda aka tusa yara wajen 150,000, ana dukansu in sun yi yarensu, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Mutanen da aka toshe wa baki haka, yau sun samu ɗan ɗakin taro da kujeru ɗari, sai a ce su miƙa wa baƙo bakin kakarsu?

Tsohon Ɗan Wasa: 'Yata, tarihin nan ya sosa min rai. Amma zalunci daban, iya wasa daban. Ba duk wanda aka zalunci kakansa ne zai iya riƙe 'yan kallo awa biyu ba.

Mai Karance-karance: Malama, kada a manta su kansu bakinsu bai zo ɗaya ba. Tomson Highway, ɗan ƙabilar Cree daga arewacin Manitoba, shi ya rubuta The Rez Sisters da aka fara nunawa a 1986, labarin mata bakwai da ke mafarkin zuwa Toronto buga bingo, wata irin caca ta lambobi. Shi da kansa ya sha yin ƙorafi cewa gidajen wasa suna jin tsoron ɗaukar wasanninsa, don ba su da isassun 'yan wasa 'yan asali, suna kuma tsoron a zage su in sun saka wasu. Ra'ayinsa shi ne a bar wanda ya iya ya yi. Al'adar ware musu matsayi da aka ɗauka don a kare su, ta koma tana kulle rubutun marubucinsu a akwati.

Badamagare a Faransa: Ni abin da ya faru a nan zan kawo. A 2018 darakta Robert Lepage na Kebek ya shirya wasa mai suna Kanata tare da ƙungiyar Théâtre du Soleil ta Ariane Mnouchkine a Paris, kan alaƙar Turawa da 'yan asalin Kanada, babu ɗan asali ko ɗaya cikin 'yan wasan. Masu fasaha 'yan asali suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a jaridar Le Devoir, aka zauna a Montreal ba a daidaita ba, wasu masu zuba kuɗi suka janye, aka ce an fasa. Daga baya a watan Disamba aka nuna wani ɓangarensa a Paris. Hujjar 'yan Paris irin ta Baba ce sak, ɗan wasa yana iya zama kowa. Amma abin da na lura, masu wasiƙar ba cewa suka yi a hana wasan ba. Kukansu shi ne an sake ba da labarinsu ba tare da su ba.

Hajiya Mai Shago: Ni ban san Kanada ba, amma na san yadda cikina ke tafasa in na ga fim ɗin kudu an ɗauko wanda ko gaisuwa bai iya ba, an kifa masa hula, an ba shi rediyo da buta, ya zauna bakin get yana karya harshe wai shi ne Bahaushe. Baba, wannan ma kwaikwayo ne?

Tsohon Ɗan Wasa: Hajiya, wannan rashin iya aiki ne da raini. Da ya zauna da mu wata shida ya koya, da kin tafa masa.

Hajiya Mai Shago: To ai ba ya zama. Kuma kuɗin da aka biya shi, akwai yaron da ke Agege yana nema.

Malamar Adabi: Hajiya ta taɓo inda ke ƙaiƙayi. Ƙidayar 2021 ta nuna 'yan asalin Kanada kusan miliyan 1.8 ne, kashi 5 cikin ɗari. Matsayi nawa ake rubutawa dominsu a shekara? Sashen wasan 'yan asali na Cibiyar Fasaha ta Ƙasa a Ottawa ma sai 2019 ya fara nuna wasanni. Sannan mu bambance babban gidan wasa da wasan al'umma. Ku dubi ƙungiyar Debajehmujig da aka kafa a 1984 a tsibirin Manitoulin. A irin wannan wuri masu kallo dangin masu wasa ne. Tsohuwar da ke layin gaba ta san yadda ake furta kowace kalma, wataƙila ma ita aka doka a makarantar kwana saboda kalmar. Yarinyar da ta hau dandamali ta haddace layi ashirin da Ojibwe, ko muryarta na rawa, ta koma gida da yaren da uwarta ta rasa. Wannan shi ne ribar wasan, ba tafi ba. Abin da Highway ke kuka a kai manyan gidaje ne na birni, can ni ma zan sassauta.

Mai Karance-karance: Na ji, amma wane ne ɗan gidan? Al'ummun nan sun haura 600, harsuna sun kai 70. Ɗan Mohawk zai iya fitowa a Ojibwe, alhali yarensu ko kusa ba su haɗa dangi ba? Ga waɗanda aka raba da iyayensu tun suna jarirai a shekarun 1960 aka ba Turawa riƙo, jini nasu ne, amma ko kalma ba sa ji. Ga kuma 'yan sojan gona. Iron Eyes Cody ya shekara da shekaru yana fitowa da gashin tsuntsu a ka a finafinan Amurka, ashe iyayensa 'yan Italiya ne.

Ɗalibi a Kanada: Yaya, shi ya sa takardar ta ce ka faɗi al'ummarka. Na tambayi matar da ke tantancewa, tana zaune da kofin shayi da jerin sunaye a littafin makaranta. Ta ce ba gwajin jini suke yi ba, waya kawai za ta buga can garin ta ji ko akwai wanda zai ce namu ne. Wanda aka raba da gida yana yaro kuwa, in yana neman hanyar komawa, shi suka fi so ya zo.

Tsohon Ɗan Wasa: Wato sai ka zo da dangi kafin a ga wasanka. Ni dai ban sauka ba. Amma in Ojibwe rabin wasan yake, abokin naka da wane baki zai yi shi?

Ɗalibi a Kanada: Baba, shi ma na tambaye shi, ya ce zai haddace. Yanzu dai sun kira shi da yamman nan. Akwai matsayin direban bas da ke kai jikokin birni, kuma suna neman mai kula da fitilu. Ya ce zai yi tunani.

Tsohon Ɗan Wasa: Direban layi nawa gare shi?

Ɗalibi a Kanada: Uku, Baba.

Tsohon Ɗan Wasa: Ce masa ya karɓa. Ni da layi ɗaya na fara, shi ma sallama ce.