Lambobin girmama masu ceton Armeniyawa: an manta da Musulmi?

Abu Hafsa: Jama'a, lambobin tunawa da ake bugawa don girmama waɗanda suka agaji Armeniyawan da suka tsira daga kisan kiyashin da aka yi musu a Daular Usmaniyya a 1915 ba su kwanta mini ba. Sunayen da ake ta yayatawa su ne Nansen, Mariya Jacobsen, Karen Jeppe. Turawa zalla, sai ka ce babu Musulmin da ya yi komai.

Maman Ilham: Malam, a yi adalci. Jacobsen 'yar mishan ce daga Denmark, ta tattara marayu a garin Kharput na gabashin Turkiyya ta yau lokacin da ake kora iyayensu zuwa hamadar Siriya. Daga baya ta riƙe gidan marayu a Jubail ta Lebanon, can ta rasu a 1960, can aka binne ta. Nansen kuwa, ɗan Norway mai kula da 'yan gudun hijira, fasfo mai sunansa da aka fara bai wa Armeniyawa a 1924 shi ya ba marasa ƙasa damar tsallaka iyaka. Sun ci lambarsu.

Abu Hafsa: Hajiya, ban ce ba su cancanta ba. Amma ina Jalal Bey? Yana gwamnan Halab ya ƙi korar Armeniyawa, aka mayar da shi Konya, can ma ya ƙi, aka tuɓe shi. Husaini Nesimi, hakimin gundumar Lice a yankin Diyarbakir, kashe shi aka yi a 1915 saboda ƙin bin umarni. 'Yan mishan suna da ofishin jakadanci a bayansu. Su Jalal da Nesimi kuwa gwamnatinsu ta Usmaniyya suka bijire wa, su kaɗai.

Malamin Tarihi: Ba a manta da su gaba ɗaya ba. A bangon tunawa na Tsitsernakaberd da ke Yerevan, babban birnin Armeniya, akwai sunan Fa'iz al-Ghusain, lauya Balarabe da ya rubuta abin da idonsa ya gani. Sannan ku lura: 'yan mishan sun bar kundin tunawa da hotuna da wasiƙu. Balaraben ƙauye da ya ɓoye yaro a tantinsa bai bar takarda ba. Turkiyya kuma, tunda ba ta yarda an yi kisan ƙare-dangi ba, ta yaya za ta karrama wanda ya ƙi aiwatar da shi?

Maman Ilham: Akwai kuma abu mai ɗaci. Ba duk gidan da ya ɗauki yarinya ne ya yi don Allah ba. Wasu aure aka yi musu dole, aka sauya musu suna da addini. Irin waɗannan matan ne Jeppe ta riƙa karɓa a gidan ceto na Halab bayan yaƙi.

Abu Hafsa: Wannan gaskiya ne, kuma zalunci ne. Amma Nesimi ba ya cikinsu, sunansa da garinsa da shekarar kisansa duk sanannu ne. Ina nan a kan bakana, a sa fuskarsa kusa da ta Nansen.