Gwamna ko firimiya? A kama mini kan Ted Theodore

Jama'a, ina rubuta tarihin Ted Theodore don 'yar mujallar ƙungiyarmu ta ma'aikata, sai na cije a kan kalma ɗaya: muƙamin da Turawa ke kira premier.

Ga mutumin a taƙaice. An haife shi a Adelaide, ƙasar Ostareliya, a 1884. Leburan haƙar ma'adinai ne, ya yi ta ci-rani daga wannan rami zuwa wancan har ya dangana da arewacin jihar Queensland. A can ne shi da abokinsa William McCormack suka kafa ƙungiyar ƙwadago a 1907, suna bin mahaƙa da leburorin hanyar dogo sansani-sansani. A 1909 ya shiga majalisar jiha, a 1915 ya zama ministan kuɗi, a 1919 kuma ragamar gwamnatin jihar ta koma hannunsa har zuwa 1925. To wannan kujerar ta ƙarshe, me zan kira ta? Na nemi shawara a kan haka, wasu kuma sun ba ni amsa.

Malam, na ga amsarka cewa in rubuta gwamna kawai, tun da mun ga irinsa a gida: Adams Oshiomhole ya bar shugabancin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ya zama gwamnan Edo a 2008. Allah ya gafarta malam, da farko ni ma haka na rubuta, daga baya na goge. Queensland tana da gwamnanta daban, wakilin Sarkin Ingila, wanda ba zaɓensa ake yi ba. Kuma babban aikin da ake tuna Theodore da shi ya ratsa ta ofishin gwamnan ne. Majalisar dattawan jihar, wadda 'yan naɗi ne suka cika ta, ta daɗe tana taka wa dokokin jam'iyyarsa ta Leba birki. A 1920 Theodore ya sa mataimakin gwamna, William Lennon, ya naɗa ƙarin mutum 14 daga ɓangarensu, suka samu rinjaye, a 1921 suka kaɗa ƙuri'ar rushe majalisar da suke zaune a ciki. A 1922 ta rufe, har yau ba ta dawo ba. In na kira Theodore gwamna, ta yaya mai karatu zai gane wa ya ba da shawara, wa ya sa hannu?

Firayim minista ba ta shiga, wannan na tarayya ne. "Shugaban gwamnatin jiha" da Hajiya ta kawo daidai take a ma'ana, amma a maimaita ta sau goma a shafi ɗaya numfashi zai ɗauke.

Abin da ya warware mini shi ne hoton da ke rataye a zauren kakana, gilashinsa ya tsage ta gefe. Tsohon bai taɓa cewa "zamanin Sardauna" ba, "zamanin Firimiya" yake cewa. Kuma tsarin ɗaya ne sak: Sir Ahmadu Bello yana Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1966, gwamna na nan gefe guda, Sir Kashim Ibrahim ya riƙe wannan kujerar daga 1962. Firimiya daga majalisa yake fitowa, da rinjayen 'yan majalisa yake mulki. Ashe kalmar na cikin gidanmu fiye da shekara 60.

Ƙanina, gaskiyarka, yaran yanzu in sun ji firimiya gasar ƙwallon Ingila suke tunawa. Wannan ma ya ƙara mini ƙwarin gwiwar sa ta a rubutu, don kada ma'anar farko ta bi tsofaffi kabari.

Na tsaya a kan "Firimiyan Jihar Queensland". Jam'i zan rubuta firimiyoyi, domin McCormack ma ya hau kujerar a ƙarshen 1925, kuma ina son sakin layi ɗaya ya ɗauke su su biyun.