Efflux pump: ni dai "makwarfi" na zaɓa

Malamai da ɗaliban fannin lafiya, ga wata kalma da ya kamata mu tsayar mata da suna a Hausa: efflux pump. Duk mai son yi wa mutane bayanin yadda tarin fuka ke bijire wa magani sai ya ci karo da ita.

Ƙwayar tarin fuka, wadda Robert Koch ya gano a 1882, da mai haddasa kuturta dangi ɗaya ne, maikobakteriya. Jikinsu lulluɓe yake da bango mai kauri mai maiƙo, shi ya sa magani ke ratsa su da ƙyar, kaɗan-kaɗan. Sannan a fatar ƙwayar akwai wasu furotin da aikinsu shi ne su cafke abin da ya shigo su jefar da shi waje. Shiga a hankali, fita da sauri, sai maganin ya kasa taruwa har ya kai yawan da zai yi kisa. Waɗannan furotin ɗin muke nema wa suna.

Abin da zai fara zuwa bakin mutum shi ne "famfon fitarwa". Bai kwanta mini ba. Bahaushe in ya ji famfo, abin da ke kawo masa ruwa yake gani. "Magudana" ma ba ta yi ba, domin ruwan magudana da kansa yake gangarawa, alhali a nan ƙwayar ƙarfinta take kashewa kafin ta ture maganin waje.

Shi ya sa na koma ga kwarfa. Kwale-kwale yana yoyo, ruwa yana tsattsafowa ta jikin katako, na ciki yana kwarfewa yana zubarwa. Muddin hannunsa ya fi yoyon sauri, jirgi ba zai nutse ba. Akwai aikin ƙarfi a ciki, akwai fitarwa, akwai kuma tsere tsakanin shiga da fita, wanda shi ne ainihin maganar. Ginin kalmar ma namu ne: buɗe ya ba mu mabuɗi, kwarfa ta ba mu makwarfi, jam'i makwarfai. Kuma tana lanƙwasuwa: "ƙwayar ta kwarfe maganin."

Mu gwada ta a inda abin ya fi damuna. Bedakwilin, da aka amince da shi a Amurka a ƙarshen 2012, shi ne ginshiƙin haɗin magunguna na wata shida da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2022 don tarin fuka mai bijire wa magani. Ƙwayar tana da makwarfi mai suna MmpL5, da abokin aikinsa MmpS5, kuma wani sashen ƙwayar halinta (gene), Rv0678, shi ke riƙe da linzaminsu. In ya lalace, sai ƙwayar ta yi ta ƙera makwarfai ba ƙaƙƙautawa. Abin tashin hankalin shi ne makwarfin ba ya bambance bedakwilin da kulofazimin, wani maganin kuturta da tarin fuka, duka biyu yake kwarfewa. Ke nan majinyacin da kulofazimin kawai ya taɓa sha yana iya ɗauke da ƙwayar da ta fara taurare wa bedakwilin tun ba ta taɓa haɗuwa da shi ba. A faɗi wannan da "famfo" a ji ko zai fito haka.

Ta ɗaya gefen ma kalmar tana aiki. Firazinamid, wani maganin tarin fuka, yana rikiɗa ya zama asid a cikin ƙwayar, kuma makwarfin wannan asid a ƙwayar tarin fuka mai rauni ne, sai ya taru ya yi mata illa. 'Yar uwarta Mycobacterium smegmatis tana kwarfe shi da ƙarfi, don haka maganin ba ya cin ta.

Sai dai kada daɗin kalma ya sa mu ɗora mata komai. Yawancin bijirewa ga maganin rifamfisin daga canji a ƙwayar halin rpoB yake, na maganin isoniyazid kuma galibi daga ta katG. Kwarfa kan ba da juriya mai sauƙi ce, amma tana ba ƙwayar damar rayuwa har babban canjin ya same ta.

Ga maganin da ke hana makwarfi aiki, ina ganin "mai daƙile makwarfi" ya isa. Berafamil na hawan jini ya nuna irin wannan aiki a gwaje-gwaje, amma bai shiga cikin magungunan tarin fuka da ake rubutawa ba, kada wani ya je ya haɗa da kansa.

Saura ƙofar shiga, wato porin, 'yan kafofin da ke ratsa bangon, irin MspA na smegmatis. Na sa "mashiga" a riƙo. Masana harshe, in kuna da wadda ta fi ta nuna ƙanƙantar kafar, ku kawo.