Wace kalma za mu ba "moshav" da Hausa?

Jama'a, musamman masu fassara da 'yan jarida, ga wata kalma da nake so mu tsayar. Ina ganin ana mayar da moshav "matsuguni", kuma a wajena hakan bai zauna ba.

Gaskiya ne tushen kalmar a Ibrananci zama ne. Amma kunnen Bahaushe ya riga ya saba: da ya ji "matsugunan Yahudawa" a rediyo, hankalinsa ya tafi Gaɓar Yamma da Kogin Jodan, ga gine-ginen bayan yaƙin 1967. Shi kuwa moshav tsarin noma ne da ya girmi ƙasar Isra'ila.

Mu dubi Nahalal, moshav na farko. A 1921 Yahudawa 'yan ci-rani daga gabashin Turai suka kafa shi a kwarin da Larabawa ke kira Marj Ibn Amir, wuri mai fadama da zazzaɓin cizon sauro. Wasunsu daga ƙauyen Degania suka fito, mai tsarin da ake kira kibbutz, inda komai na kowa ne, har tukunyar abinci. Sun ɗanɗana wannan zaman, suka ce a'a, kowane magidanci yana son gidansa da gonarsa. Masanin zanen gine-gine Richard Kauffmann ya zana musu gari a zagaye: makaranta da shago a tsakiya, gidaje sun kewaye su, gonar kowa ta miƙe daga bayan gidansa, kuma duk girmansu ɗaya. Kowa ya noma tasa da hannunsa, ba ɗan ƙodago. Sayen iri da kayan aiki, neman rance, kai madara da ƙwai kasuwa, waɗannan tare ake yi. Idan wani ya kwanta ciwo, maƙwabta su riƙe masa gona.

Wani ya ba da shawarar "ƙauyen gandu". Na so ta, sai dai a gandu amfanin gona rumbu ɗaya yake shiga. Wannan ya fi kama da kibbutz, sai mu ajiye masa ita. Moshav ya fi kusa da gayauna. Wata 'yar uwa ta ce "ƙauyen gayya". Gayya ai ta yini ɗaya ce, a ci tuwo a watse, ba ta da asusu ba ta da hannu a cinikin amfanin gona.

Ni na tsaya kan "ƙauyen gama kai", jam'i "ƙauyukan gama kai". Manominmu ya san ƙungiyar gama kai, ya san ana shigarta ba tare da an sallama gona ba. Da wannan suna ma za mu iya bayyana gandayen noman da gwamnatin Awolowo ta fara a Jihar Yamma a 1959, don daga moshav aka kwaikwayo su.

Abu ɗaya nake roƙo: kada daɗin sunan ya rufe tarihin ƙasar. Filin Nahalal daga hannun iyalan Sursock na Beirut aka saye shi, kuma manoman ƙauyen Ma'lul na kusa sun yi jayayya a kansa. A 1948 Ma'lul ya zama kufai, mutanensa da yawa suka koma Nazarat. Wanda zai rubuta "ƙauyen gama kai" ya rubuta wannan ma.

Saura nau'in da aka fara a Kfar Hittim a 1936, inda noma na kowa ne amma kowane gida da tukunyarsa. Shi kuma wane suna kuke gani?