Yaya ake yanka faifan sabar mai 480GB?

Sabon-hannu: Assalamu alaikum, manya. Sabar ce za a ɗora wa Ubuntu Server 24.04: SSD biyu masu 480GB kowanne, RAM 32GB, aikinta PostgreSQL (rumbun bayanai) da Docker (mai gudanar da manhajoji a kwantenoni). A zuba komai a / guda ɗaya, ko a rarraba? In rarrabawar ce, nawa-nawa?

Mai-gadin-sabar: Wa alaikumus salam. Ka rarraba, amma kada ka rabar da faifan kaf tun ranar farko. Wannan 480GB ɗin wajen 447GiB za ka gani. Ka fara cire wa EFI (yankin da sabar ke tashi daga gare shi) 1GB a FAT32 da /boot 2GB a ext4, sauran ka haɗa faifan biyu a RAID1 (kowane faifai kwafin ɗayan) da manhajar mdadm, ka ɗora LVM (mai ba da damar ƙara girman yanki daga baya) a kai. A ciki / ya samu 40GB, /var/log 15GB, /var/lib/docker 80GB, /var/lib/postgresql 120GB, swap 4GB. Kusan 185GB ya rage, ka bar shi haka nan.

Ranar da wani yanki ya cika, `lvextend -r -L +20G` ka ba shi, sabar na kan aiki. Ragewa ce jidali: tsarin fayil na XFS kusan ba ya raguwa, ext4 kuma sai an sauke shi tukuna.

Injiniya: Haka ne, malam, sai dai ware /var/log bai rufe ƙofar duka ba. Docker yana tara log ɗin kwantenoni a /var/lib/docker/containers, kuma ba shi da iyaka sai ka sa max-size a daemon.json, misali 50m, da max-file 3. Shi kuwa PostgreSQL, in ya rasa inda zai rubuta WAL (log ɗin da yake fara rubuta kowane canji a ciki), tsayawa yake yi cak. Shi ya sa ba a haɗa su ɗaki ɗaya.

Sabon-hannu: Na gode. To RAID1 ɗin ya isa in faifai ɗaya ya mutu?

Mai-gadin-sabar: Bayanan za su tsira, tashin ne abin dubawa. Yankin EFI yana wajen mdadm, don haka ka yi shi a kowane faifai, shi ma /boot ka sa masa nasa RAID1, sannan `dpkg-reconfigure grub-efi-amd64` ka zaɓi duka biyun. Kafin a fara aiki da ita, kashe ta, zare faifai ɗaya, kunna ka gani. Mayar da shi, in bai koma RAID ɗin da kansa ba ka sa shi da `mdadm --add`, jira /proc/mdstat ya nuna [UU] (wato faifan biyu sun daidaita), sannan ka zare ɗayan.